Shayin rage tumbi: Daga sitatus zuwa gadon asibiti, wa ke tsare lafiyarmu a Ƙaraye da Rogo?

Saura mako shida bikin ƙanwata, 'yar gwaggona da ke Ƙaraye, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shanyar kaya. Ina ɗaki na ji salatin Gwaggo. Da muka ɗago ta, leɓenta ya bushe ƙamas, idanunta sun faɗa, hannunta sai rawa yake yi. A motar maƙwabci muka kai ta asibiti, kuma sai da ta shanye leda uku ta ƙarin ruwa kafin ta iya zama da kanta.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu tambaya ɗaya ta dinga maimaitawa: me ta sha? Ƙanwata ta yi shiru har sai da Gwaggo ta fita alwala, sannan ta raɗa min cewa in duba ƙasan akwatinta. Na koma gida na ɗauko. Wata 'yar leda ce mai ƙyalli, cike da garin ganye ruwan ƙasa. Babu sunan kamfani, babu adireshi, babu ranar lalacewa, babu jerin abin da aka haɗa. Sitika ce kawai mai hoton wata mace siririya, da lambar waya a ƙasa. Kwana shida ke nan tana shan sa safe da dare, kwana shida tana zaryar banɗaki, ba wanda ya sani a gidan.

Ma'aikaciyar ta juya ledar gaba da baya, ta miƙo min, ta ce da wannan ba abin da za su iya ganewa, sai dai su yi maganin abin da suke gani a jikinta.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne amsar da ta ba ni lokacin da na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce, "Yaya, ai a sitatus ɗinki na gani." Gaskiya ta faɗa. Wata uku kafin nan, wata da muka haɗu a wani zauren WhatsApp na 'yan mata ta roƙe ni in ɗora mata talla, ta turo min katin data na naira dubu. Na ɗora, awa 24 ta cika, tallar ta ɓace, na manta. Ƙanwata ba ta manta ba. A wurinta, tunda Yaya mai karatun jami'a ta ɗora, abin mai kyau ne.

Wannan ne ya sa na koma makaranta na zauna na karanta abin da dokar ƙasar nan ta ce a kan irin waɗannan kaya. Abin da na samu ya ba ni mamaki, kuma ya shafi duk wanda ke riƙe da waya.

Kasuwar da ba ta da rumfa

A da, mai maganin gargajiya a mota yake zuwa ranar kasuwa, da lasifika a kai. Ka san fuskarsa, ka san motarsa, in maganin ya ɓata maka ciki ka san inda za ka tare shi mako mai zuwa. Yanzu kasuwar ta koma cikin waya. Bidiyo ne a TikTok na wata da ke nuna ciki kafin da bayan, hotuna ne a Instagram, saƙon murya ne da ake turawa daga wannan zaure zuwa wancan. Kin yi magana, an ba ki lambar asusu, kin je wurin mai POS kin tura kuɗi. Washegari a ba direban motar haya saƙo daga tasha a Kano, ya kira ki idan ya iso Ƙaraye ko Rogo, ki tura yaro ya karɓo. Daga farko har ƙarshe ba ki ga fuskar wadda ta sayar miki ba, ba ki da rasit, ba ki san ko sunan da ke kan asusun nata ba ne.

Ƙanwata naira dubu goma sha biyu ta biya, ban da kuɗin direba, daga cikin kuɗin da aka ba ta na gyaran jiki. Dalilinta kuwa bai wuce wasu kalmomi biyu da wata ta rubuta a ƙarƙashin hoton sa ranarta ba: amarya da tumbi.

Abin dariya, abin takaici, shekara biyu da suka wuce wannan yarinyar ake tsokana da cewa ta yi rama kamar sillen kara. A lokacin ƙawayenta sha-ka-fashe suke nema, wato ƙwayoyin sa ƙiba irin su dexamethasone da cyproheptadine, waɗanda asalinsu na wasu cututtuka ne daban. Dexamethasone idan aka daɗe ana sha ba bisa umarnin likita ba yana kumbura fuska, yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Da na koma shafin matar da na yi wa talla, sai na ga duka biyun take sayarwa. A sama maganin ƙiba da cikowar ƙugu, a ƙasa shayin rage tumbi. Ko ta ina kika ji ba ki gamsu da jikinki ba, tana da ledar da za ta miƙo miki.

Kuma ba mata kaɗai ba ne. Samari da dama da suka fara ajiye teɓa saboda zaman shago ko zaman ofis suna saye a ɓoye. Masu jego ma ana bin su da na "mayar da ciki", alhali suna shayarwa.

Me ke cikin ledar?

Mafi yawan shayin rage ƙiba da ake sayarwa a duniya dabara ɗaya suke amfani da ita: maganin wanke ciki, wani lokaci da maganin sa fitsari. Ganyen da aka fi sakawa shi ne wanda Turawa ke kira senna, mu kuma mun san danginsa tun kaka da kakanni da sunan filasko. Iyayenmu sun san filasko, kuma sun san ba a mayar da shi shayin kullum. Sau ɗaya ake sha idan ciki ya ɗaure, a bar shi.

Ga yadda yaudarar take. Abincin da muka ci, a ƙaramin hanji jiki ke tsotse amfaninsa. Filasko kuwa a babban hanji yake aiki, bayan an riga an gama tsotsewa. Don haka abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Kitse yana nan inda yake. Kin hau sikeli kin ga kilo biyu sun tafi, kin yi murna, kin turo wa mai kaya hoton shaida, ita kuma ta ɗora a shafinta. Da kin daina sha kin koma shan ruwa yadda ya kamata, kilo biyun sun dawo. A tsakanin nan ƙoda ta wahala, ga jiri, ga murɗar ciki, ga bugun zuciya. A zafin watan Maris da Afrilu, ko a cikin azumi, haɗarin ya ninka. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, su kam wasa da rai ne. Kuma gudawa mai tsanani tana iya hana wasu magungunan da mutum ke sha kullum shiga jiki yadda ya kamata.

Da ƙanwata ta yi wa matar ƙorafi a kwana na uku, amsar da ta samu ita ce dattin ciki ne ke fita, ta daure, alamar yana aiki ke nan. Da muka kira daga asibiti, an riga an toshe lambarta.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mace baliga tana ƙona kimanin kalori 2,000 a rana. Mai tallar da ta ce za ki rage kilo 10 a kwana 10 tana nufin za ki ƙona kalori 77,000. Ko da ba ki sa komai a baki ba tsawon kwana goman, abin da jikinki zai ƙona bai wuce kusan 20,000 ba. To ragowar daga ina? Ba sai an je jami'a ba kafin a gane lissafin bai fita ba.

Filasko ma mai sauƙi ne, domin aƙalla an san shi. Babbar matsalar ita ce abin da ake zubawa a ɓoye. Akwai wani magani mai suna sibutramine da likitoci suka taɓa rubutawa don rage ƙiba, yana kashe sha'awar abinci. Bayan wani babban bincike a kan mutum kusan dubu goma ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, Tarayyar Turai ta dakatar da shi a watan Janairun 2010, aka janye shi daga kasuwar Amurka a watan Oktoba na shekarar. Amma bai mutu ba. Tun daga lokacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da kafso na rage ƙiba da aka rubuta wa cewa ganye ne zalla. Mai saye ya ga abinci ya fita a ransa, ya ce lallai ganyen nan yana da ƙarfi, bai san ƙwayar da aka haramta yake sha ba.

Wanda kuma ke cewa ai ganye ba ya cutarwa, ya ji labarin Beljiyam. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels ya riƙa ba mata wani haɗin ganyayyaki daga ƙasar Sin. An yi kuskuren musanya wani ganye da wani mai guba. Mata sama da ɗari suka samu mummunan ciwon ƙoda, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da kansar mafitsara da hanyoyin fitsari. A Turai ke nan, a hannun likitoci, a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji. Ina ga ledar da ba ta da ko suna?

A Ingila kuma, a 2015, wata ɗaliba 'yar shekara 21 ta mutu bayan ta sha ƙwayoyin DNP da ta saya a intanet, wani sinadarin masana'antu da ke sa jiki ya yi zafi har ya ƙona kansa. Kotu ta kama wanda ya sayar mata da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi shekara bakwai. Ashe dai sayarwa ta bayan allo ba ta wanke mutum.

Me dokarmu ta ce?

Da yawanmu mun ɗauka babu doka a kan wannan harka. Akwai, har ma ta yi yawa.

Ta farko ta girmi iyayen wasunmu. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta haramta tallata wa jama'a wani abinci ko magani da sunan yana warkarwa ko yana rigakafin wasu cututtuka da ta jero. A cikin jerin akwai ciwon suga, da hawan jini, da kansa, da rashin ƙarfin maza, kuma akwai ƙiba. Wato wannan tallar da na ɗora a sitatus ɗina ta saɓa wa dokar da aka yi sama da shekara hamsin da suka wuce.

Ta biyu ita ce ta NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta sa sunanta ya shiga kowane gida, kuma Farfesa Mojisola Adeyeye ke shugabanta tun 2017. Duk wani magani, ko haɗin gargajiya da aka ƙulla a fakiti don sayarwa, ko abincin da aka sarrafa, dole ne a yi masa rajista kafin a sayar, ko a nan aka yi shi ko shigo da shi aka yi. Talla ma tana da nata izinin daban. Samun lamba bai ba mutum damar ya fito ya faɗi duk abin da ya ga dama a kan kayansa ba.

A nan ne akwai wani abu da kusan duk wanda na yi wa bayani bai sani ba. Yawancin magungunan gargajiya da ke da lambar NAFDAC, idan kun duba za ku ga lambar ta ƙare da harafin L. Wannan matakin farko ne na wucin gadi, na shekara biyu. Ma'anarsa hukumar ta gwada samfurin da aka kai mata ta ga bai nuna guba ba. Ba ta tabbatar da cewa yana maganin abin da aka ce yana yi ba, domin wannan sai an yi gwajin asibiti a kan mutane. Shi ya sa ake tilasta wa masu irin wannan lamba su rubuta a jikin kwalin cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da suka yi ba. Da Turanci ake rubutawa, da ƙananan haruffa, a wurin da ido ba ya zuwa. Don haka idan mai talla ta ce miki "yana da NAFDAC", ko da gaskiya ta faɗa, ba a ce zai rage miki ko giram ɗaya ba. Ballantana lambar na iya zama ta bogi, ko ta wani kaya daban, ko wadda wa'adinta ya ƙare.

Mun ga misalin haka a nan Arewa. A 2023, binciken jaridar Premium Times da DUBAWA a kan maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha, wanda ake sha daga Kaduna har Kano, ya sa NAFDAC ta kai samame inda ake haɗa shi. Hukumar ta bayyana cewa rajistar da ta taɓa ba shi ta daɗe da ƙarewa, kuma cututtukan da ake tallata shi a kansu sun zarce abin da aka amince masa. Ba maganin rage ƙiba ba ne, amma darasin ɗaya ne: shekaru mutane suna ganin lamba a jikin kwalba suna sha da kwanciyar hankali.

Ta uku ita ce dokar hana jabun magunguna ta 1999. Ta haramta tallar magani a kasuwa, da tasha, da bakin titi, da cikin motar haya, da duk wurin da ba shi da lasisi. Hukuncin mai jabun magani ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba. A 1999 wannan kuɗi ne mai yawa. Yau mai shayin da ke sayar da leda hamsin a wata ta haɗa shi. Ita kanta shugabar NAFDAC ta sha kokawa cewa hukuncin ya yi sauƙi.

Ta huɗu ta shafe mu kai-tsaye, mu masu ɗora talla. Dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da harkar talla, ta haɗa da tallar intanet, kuma hukumar ta fito ta ce masu barkwanci da masu tarin mabiya a kafafen sada zumunta su ma sai an tantance tallarsu kafin su saka. Sannan akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da ta haifi hukumar FCCPC, wadda ta ba mai saye haƙƙin samun kaya marar cutarwa, da bayani a fili a jikin kaya, da neman diyya idan kayan ya cutar da shi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye.

Inda dokar ke tsayawa

To in dokoki sun kai haka, ya aka yi leda marar suna ta iso ƙasan akwatin amarya a Ƙaraye?

Domin an tsara aikin sa ido ne a kan abin da ke da ƙofa. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Kano, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shagunan magani sama da dubu ɗaya a yankin Sabon Gari, don tilasta wa 'yan kasuwar komawa cibiyar sari da aka gina a Ɗangwauro, kan hanyar Zariya. Babban aiki ne, kuma yana da amfani, tunda daga Kano ne kemis-kemis na garuruwanmu ke saro kaya. Amma shago ake sa wa kwaɗo. Wadda ke haɗa garin ganye a ɗakinta, ta ƙulla a leda, ta sayar ta sitatus da ke ɓacewa bayan awa 24, wace ƙofa za a rufe mata?

Su ma kamfanonin sun yi nasu dokokin. Instagram tun 2019 ya ce zai ɓoye tallar kayan rage ƙiba ga 'yan ƙasa da shekara 18, ya kuma cire masu alƙawarin abin al'ajabi. TikTok ya hana tallar da ake biya ta ƙwayoyin rage ƙiba a 2020. Sai dai tallarmu ba ta bi ta nan. Da Hausa ake yin ta, da baki, a cikin hira, wani lokaci a tsakiyar bidiyon girki ko na kwalliya. Saƙon murya a zauren WhatsApp kuwa babu mai jin sa sai 'yan zauren.

Ga kuma nisa. Ofishin NAFDAC yana cikin birnin Kano. Yarinyar da ke Zarewa ko Fulatan ko Turawa, wadda cikinta ya ɓaci, ba za ta biya kuɗin mota zuwa birni don ta kai ƙarar ledar dubu goma sha biyu ba. Uwa uba kunya. Kafin ta kai ƙara sai ta fara amsa cewa ta sha, sai gida su ji, sai gidan miji su ji. Gwaggo da kanta, da ta gane abin da ya faru, cewa ta yi a rufa, kada dangin ango su ɗauka yarinyar tana da wani ciwo. Na fahimce ta. Amma da wannan shirun masu kayan ke cin kasuwa. Hukuma ba ta bin sawun abin da ba a kai mata rahotonsa ba, ita kuma mai kaya hotunan waɗanda suka yaba kawai take nunawa.

Sabon yayi: allura

Yanzu kuma an fara jin sunan Ozempic a bakin 'yan gayu. Wannan kam magani ne na gaske, na kamfanin Novo Nordisk da ke Denmark, an yi shi ne don masu ciwon suga, kuma ɗan'uwansa Wegovy an amince da shi don rage ƙiba a Amurka a 2021. Amma likita ne ke rubuta shi, bayan gwaji, yana kuma bibiyar mai amfani da shi. Tsadarsa da ƙarancinsa sun buɗe ƙofar jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da na bogi da ake zargin insulin aka zuba a ciki, suga ya faɗi musu warwas. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabunsa da aka gano a Brazil da Ingila da Amurka. Ko na gasken ma a firij ake ajiye shi kafin a fara amfani da shi. Ku yi tunanin allurar da ta kwana a tasha, ta biyo but ɗin mota cikin rana har Rogo.

Kafin ki tura kuɗin

Ba ina cewa ƙiba ba matsala ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma tana da alaƙa da suga da hawan jini. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce daidai, kashi 12 kuma ramarsu ta yi yawa. Amma fara tambayar kanki ko kina cikinsu. Akwai ma'auni mai sauƙi: ki raba nauyinki na kilo da tsawonki na mita sau biyu. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne. Ƙanwata tsawonta mita 1.60 ne, nauyinta kilo 62. Lissafinta ya ba da 24. Ba ta da ƙibar da za a rage tun farko.

Wanda yake da ita da gaske, hanyar da likitoci suka sani ba ta da daɗin talla: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, rage lemon kwalba da sukarin shayi da soye-soye, rage malmalar tuwo a ƙara ganye, zogale da rama da wake da muke da su a araha, da tafiyar ƙafa ta aƙalla minti 150 a mako. In nauyin ya zo da kumburin ƙafa, ko rikicewar al'ada, ko yawan gajiya, asibiti za a je, domin wataƙila wani ciwon ne daban.

In kuma har za ki sayi wani abu, ki riƙe kwalin a hannu tukuna. Ki nemi sunan kamfani da cikakken adireshi, da jerin abin da ke ciki, da lambar rukunin da aka haɗa, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Ki shiga manhajar Greenbook ta hukumar ki rubuta sunan kayan ko lambar, ki ga ko sun dace. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ki bar shi ko kyauta ne. In kin riga kin sha kika ji bugun zuciya, ko jiri, ko gudawar da ta wuce kwana ɗaya, ko fitsari ya ragu, ki daina nan take, ki tafi asibiti da ledar a hannu, ki faɗi gaskiya. Kada ki zubar da ragowar, kada ki goge hirarku da shaidar tura kuɗi. Da su ake kai rahoto ga NAFDAC, ko ta manhajar Med Safety da aka tanada don illar magani, ko ga hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma daga waya ake iya farawa ba sai an je birni ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai saye shi kaɗai. Masarautar Ƙaraye ta ƙunshi ƙananan hukumomin nan biyu, kuma mazaɓarmu ta Majalisar Wakilai ɗaya ce. Ba abin da zai hana hakimai da limamai da malaman Islamiyya da ƙungiyoyin ɗalibai su sa wannan magana a gaba kamar yadda ake yi wa shaye-shaye. Shugabannin tasha za su iya tambayar abin da ke cikin ƙullin da ake ba direbobinsu. Ɗan majalisarmu kuma yana da bakin da zai yi magana a kan tarar 1999 da ta zama abin dariya, da kuma buƙatar a riƙa rubuta gargaɗin jikin kwali da harshen da mai saye ke karantawa.

Amma kafin su motsa, akwai mu. Matar nan ba ta san kowa a Ƙaraye ba. Ba ta da hanyar isa ga ƙanwata sai ta kaina, kuma naira dubu ta saye ni. Duk wanda ya ɗora tallar abin da bai taɓa riƙewa a hannu ba, sunansa da mutuncinsa ya ba da aro, kuma waɗanda suka fi yarda da shi su ne za su fara saye: ƙanne, ƙawaye, matan yayye.

An yi biki lafiya, alhamdulillahi. Kayan da aka ɗinka mata sun zauna mata daidai, a jikin nan nata da aka ce yana da tumbi. Ledar tana wurina har yanzu, na kuma aika rahoto da hotonta da lambar da ke jiki. Makon jiya wata ta sake turo min saƙo, wai in ɗora mata tallar wani kofi mai narkar da kitse, za ta ba ni data ta wata guda. Na ce ta turo min hoton bayan kwalin da lambar rajista. Har yau ba ta amsa ba.